Baffa Sambo da Filin Famfon Ƙofar Marusa

Baffa Sambo ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina dama wa jikoki koko. Maƙwabciyata Ladidi ce ta leƙo ta katanga, ko sallama babu, ta ce, "Malama Rabi, Baffa ya cika." Sai ganina na yi zaune a ƙasa da ludayi a hannu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ku yi haƙuri da rubutun.

In ba ɗan Ƙofar Marusa ba ne kai, ba lallai ka san shi ba. Bafulatani ne dogo siriri, tun kakanninsa suka zauna cikin gari, amma ba su rabu da shanu ba. Ba mu haɗa jini da shi ba. Duk unguwa Baffa muke ce masa, har da waɗanda suka girme shi.

Kakata Babarbariya ce, don haka bai taɓa raga mani ba. Ko a tsakiyar Babbar Kasuwa ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Baiwata, wa ya ba ki izinin hitowa?" Ni ma ba na barin ta kwana. Ina ce masa Bafulatanin da ya koyi kwana a ɗaki ai sai a yi masa uzuri.

Duk haihuwar da na yi, ƙwaryar kindirmonsa ce ke fara shigowa kafin 'yan barka. Da maigidana ya rasu, bai yi mani dogon wa'azi ba. Ya dai riƙa aiko da nono har na fita takaba, kuma ya hana mai kawowa tsayawa a yi godiya.

Na san yau ranar addu'a ce, ba ranar wata magana ba. Amma akwai abin da in ban faɗa ba ban san inda zan sa kaina ba. Famfon da unguwarmu ke sha yana cikin filin gidan Baffa, kuma yana iya tafiya cikin rabon gado.

Bari in faro daga farko, saboda yara.

Zamanin soja, famfon gwamnati a unguwarmu iska kawai yake hurowa. Mai hali ya saya wurin 'yan ga-ruwa, marar hali ya nufi kududdufi. Wata damina amai da gudawa suka shigo mana gida-gida. Cikin waɗanda aka ɗauka har da Inna Hajjo, matar Baffa ta fari. Da safe tana tatsar nono, washegari an kai ta.

Da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, sai muka ji cewa ƙasashen wajen da suka naɗe hannu sun fara buɗewa. Wani ofishin jakadanci na ba da ƙaramin tallafi, ba ta hannun gwamnati ba, kai tsaye ga mutanen unguwa. Ku za ku faɗi abin da kuke so, ku za ku tsaya a kan aikin. Sharaɗinsu shi ne ku ma ku kawo naku: fili, yashi, da ƙarfin jiki.

Mu mata muka kafa ƙungiya muka ce rijiyar burtsatse muke so. Aka ɗora mani sakatariya, wai don ina koyarwa a firamare ina ɗan taɓa Turanci.

Yashi bai ba mu wuya ba. Samari suka ce ranar aiki a buga gayya kawai, za su fito. Fili ne ya gagara. Kun san cikin gari, gida jikin gida, ko wurin shanya da ƙyar. Muka yi ta sintiri ofis-ofis a Jiyare, unguwar ma'aikatun gwamnati, har takalma suka gaji. Kullum oga ya fita, kullum a dawo gobe. Masu tallafi kuma suka aiko cewa in babu fili za su miƙa wa wata unguwa.

Ran nan bayan la'asar Baffa ya aika a kira liman da mai unguwa da ni. Muka same shi tsaye a turken shanunsa, jikin gidansa ta waje. Ya nuna da sanda ya ce, "Daga dalbejiyar nan zuwa katanga, na ba Allah. Ba aro ba ne, kun ji ko? A haƙa. Ladan ya tai ma Hajjo."

Cikin satin ya sa aka kora shanun zuwa rugar ƙanensa. Wanda ya san Bafulatani da saniya ya san abin da mutumin nan ya yi. Ya daɗe yana fitowa da asuba ya tsaya a wurin, hannu goye a baya, ba abin da zai duba.

Tun a ranar na ce masa, "Baffa, a rubuta mana. Mutanen nan takarda suka sani."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ke baiwata, sadakar da aka kai ohis aka buga ma hatimi, kowa ya karanta sunana, mi ya rage mata? Liman ya ji, mai unguwa ya ji, Allah ya ji. Wa kike nema kuma?"

Liman ya yi mani alama da ido. A garin nan, ka matsa wa dattijo ya sa hannu a kan abin da ya furta da bakinsa gaban liman, ka ce masa maƙaryaci ke nan. Da masu tallafin suka zo duba wuri, wata Baturiya da mai yi mata fassara, mai unguwa ya tsaya ya ce fili na unguwa ne. Suka amince da bakinsa, suka ɗauki hotuna, suka tafi. Ranar da aka buɗe famfo ana ta guɗa, Baffa ya sulale ya tafi kara, kasuwar shanu, wai yana da ciniki. Allon da aka kafa ma ya hana a sa sunansa.

To mu kuma da namu halin.

Shi ya ɓoye sunansa, mu muka ƙi yarda. Daga ranar da ruwa ya fito, ba wanda ya taɓa cewa famfon ƙungiya ko famfon unguwa. Famfon Baffa. Ka aiki yarinya, famfon Baffa. Ka yi wa baƙo kwatance, ka wuce famfon Baffa ka yi dama. Godiya ce muke yi, wallahi godiya ce.

Shi kuma ya ƙi sakin wurin. Shi ke sharewa, shi ke raba faɗan layi, shi ke matsar da jarkar tsofaffi gaba yana cewa, "Wagga ta riga ku zuwa duniya, bare layi." In famfon tuƙa-tuƙan ya lalace, kafin kwamiti ya gama taro ya kira mai gyara. Da abin ya mutu murus, sai muka wayi gari ana ɗora tanki da sola. Daga baya muka ji bijiminsa ya sayar ya biya.

Yau ka tare duk wani matashi a unguwar nan ka ce wurin nan na wane ne, zai rantse maka na Baffa ne. Ba ƙarya ya yi niyya ba. Abin da ya tashi ya ji ke nan, abin da ya gani ke nan.

Liman ya rasu. Mai unguwa ya rasu. Masu tallafin sun daɗe da rufe shirin, ban ma san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Titi kuma ya biyo ta gaban filin, an zuba kwalta, masu kuɗi suna wucewa suna rage gudu. An ce akwai wanda tuni ya auna wurin da ido, shaguna yake son jerawa.

Satin da ya wuce na je asibiti duba Baffa, yana kwance ba lafiya. A baranda babban ɗansa, Alhaji Buba, ya ja ni gefe. Don Allah kada wanda ya zage shi a ƙarƙashin rubutun nan, mutumin kirki ne, ɗan babansa ne. Ya ce, "Malama, gara in hwaɗa maki tun yanzu. In ta Allah ta kasance, gidan nan ba ya rabuwa, sai dai a sai da. Ni da a ce nawa ne ni kaɗai, wallahi na bar maku hilin. Amma akwai ƙannena ƙanana na ɗakin amarya. Haƙƙin maraya ba mai iya yahe shi, ko ni ko uwarsu. Alƙali shaidu zai nema, waɗanda suka ji da kunnensu. Kuna da su?"

Na shiga ƙirga shaidun a raina.

Mu uku aka kira ranar. Biyu suna ƙasa. Saura ni, mace ɗaya, kuma sakatariyar masu cin moriyar wurin. Na tambayi wani malami ko daɗewar da muka yi muna sha ba ta isa hujja ba. Ya ce tana iya taimakawa in an shahara da cewa waƙafi ne. Sai ya tambaye ni, "To me mutanen unguwa ke kiran wurin?" Na ji kamar in kurma ihu.

Na shiga wurin Baffa da waya a hannu, niyyata in naɗi muryarsa. Ya ƙanƙance a gado, ana yi masa ƙarin ruwa. Da ya gan ni ya yi murmushi. "Baiwata, sai yau? Na ce a ɗaure ki."

Na yi dariya, hawaye suka biyo. Na durƙusa na ce, "Baffa, maganar fili ce."

"Har yau ba ki bar zancen takardar nan ba?"

Na faɗa masa abin da Alhaji Buba ya ce, na faɗa masa zancen yara ƙanana da alƙali. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Can ya ce, a hankali, "Ashe rigima zan bar ma ɗiyana. Ni ina ganin na gama da Allah, ban gama da mutane ba."

Na miƙa wayar. Ya ture ta da bayan hannu. "Ba a cikin wannan abin ba. Ki zo mani da maza biyu dattawa, in hwaɗa gabansu ido da ido, in dangwala hannu. Bari in ɗan samu ƙarhi tukuna, yanzu harshena nauyi yake."

Nas ta shigo ta ce lokacin dubiya ya ƙare. Ina fita ya ce, "Ki gaida masu layi."

Ban zauna ba. Na samu sabon liman da wani dattijo tela maƙwabcin Baffa, duka suka amsa. Likita ya ce a bari ya ɗan farfaɗo. Jiya aka ce ya sha kunu, har ya zauna. Muka tsayar da yau bayan azahar.

Mutanen nan biyu suna cikin waɗanda suka ɗauki makararsa ɗazu.

Kafin nan na bi ta famfon zan shiga gidan makoki. Layi ya yi tsawo kamar kullum, don mutuwa ba ta hana ƙishi. Sai ga masu wanka sun fito da bokitai. Mata suka janye jarkokinsu gefe, aka tara ruwan da za a wanke shi. Wata tsohuwa da ba ta da kowa, ba ta da ko na sayen jarka ɗaya wurin 'yan ga-ruwa, ta kamo mayafina ta ce, "Malama, da gaske ne wai za a ruhe?"

Na zare mayafina a hankali na shige gidan makoki.

Shi ya sa nake rubutun nan ido a kumbure. Da an share makoki za a zauna maganar gado. Wurin da Baffa ya yi furucin nan ba ƙuryar ɗaki ba ne, turke ne a bakin hanya, da rana bayan la'asar, mutane na wucewa. Ba zan yarda a ce mu uku kaɗai muka ji ba. Wataƙila kana dawowa daga masallaci ka tsaya. Wataƙila kina bayan zana kina tankaɗe. Wataƙila kana cikin waɗanda suka kora shanun ya faɗa maka dalili da bakinsa. Ko kana Kano, ko Legas, ko Maraɗi, ko aure ya kai ki wani gari. Ku tambayi iyayenku. Ku karanta wa tsofaffin da ba su riƙe waya. Ba na neman wanda zai yi ƙarya don ya taimake mu, Allah ya tsare, ba za mu sha haƙƙin maraya ba. Wanda ya ji nake nema. Ko mutum ɗaya ne, don girman Allah ya yi mani magana.

Ya Allah, bawanka Sambo ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haɗa shi da Hajjo a Aljanna, ka raya abin da ya bari. Ya Allah, ya ɓoye sadakarsa ne don kada ladanta ya ragu. Kada ka bari ɓoyon nan ya zama sanadin yankewarta.

Duk wanda ya karanta, ya sa Baffa a addu'a. In kun shafa, ku ƙara ɗaya: Allah ya fito mana da wanda ya ji.