Sunan Malam na Zaure

Niyyarmu mu tashi da asuba, amma mai yara uku ba ya cika irin wannan alkawari. Sai da hantsi ya dubi ludayi muka bar unguwarmu ta Al-Badi'a a Riyad, ni da maiɗakina da yaran, muka nufi Dira, inda ake taron iyalai a tsohuwar ganuwar Masmak. Hanya fayau, Asabar ce. Mun tsaya wurin wani mutumin Yaman muka ci wake da gurasar tamis, kowa ya kora da shayin karak na riyal biyu. Wurin ajiye mota ne ya ba mu wuya: sau uku na zagaya kasuwar, har masu turare suka fara gane ni.

Shekarata tara a Riyad, kullum daga gida sai wurin aikina a Birnin Masana'antu, ban taɓa leƙa ganuwar nan ba. Ashe ginin ƙasa ne, kamar na cikin birni a gida. Wani dattijo mai yi wa baƙi bayani ya ba mu labarin yadda 'yan tsirarun mutane suka faɗa mata da sassafe suka ƙwace ta, daga nan mulkin ƙasar ya samo tushe. Ya nuna mana tsinin mashi da ya karye a jikin ƙofa. Na duƙa ina leƙensa har maiɗakina ta ce in tashi, na tare wa mutane hanya.

A tsakar ganuwar aka raba wa yara takarda mai hoton bishiya, reshe bakwai, kowa ya rubuta kakanninsa. 'Ya'yan Larabawa suka yi ta zubo sunaye kamar karatun Fatiha. Babbar 'yata, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta rubuta sunana da na mahaifina, ta ɗago kai.

“Yalla Abba, wa ke bayansa?”

Ashe ban san sunan ba. Kakan nan nawa ya rasu kafin a haife ni, Malam na Zaure kawai na ji ana ce masa. Fasfo ma bai cece ni ba, don sunan garinmu muke ɗauka. Wallahi kunya ta kama ni. Na koma gefe na kira mahaifiyata a Funtuwa.

“Hajiya, mene ne sunan Malam na Zaure na yanka?”

“La ilaha illallahu! Ni zan kama sunan surukina? Zaman Saudiyyar ne ya mai da kai haka?”

Na yi ta lallashi, na ce jikarta ce ke tsaye da biro a hannu. Can ta ce, “To, annabin nan da kifi ya haɗiye.”

Yarinya ta yi tsalle ta rubuta Yunusa. Na ce, “Na bayansa fa, Hajiya?”

“Wannan sai Gwaggonka. Ita kaɗai ta riƙe su.”

Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta rasu da azumin bana.

Mun biya kasuwar Dira, maiɗakina ta yi cinikin turaren wuta da Larabcinta na kasuwa, ta kuma yi nasara. La'asar sakaliya muka iso gida, yarinya ta manna takardarta a jikin firij, reshe huɗu babu komai.

Mutanen nan sun adana har guntun mashi. Mu kuwa kunya ta sa mun lulluɓe sunayen manyanmu, ba mu lura da ranar da masu riƙe da su suke ƙarewa ba. Hutun da na je bara na kai wa Gwaggo dabino da zamzam, na zauna a ɗakinta awa biyu cur. Hirar tsadar shinkafa muka yi.