Ɗan Kokawar da Ya Ƙi Koyon Faɗuwa

A shekarun da arzikin mai ya fara tumbatsa a Saudiyya, ni saurayi ne mai ji da ƙarfi, direban tifa a wani kamfanin Amurkawa da ke shimfiɗa tituna a Riyad. A ɗakunan leburori na unguwar Sulay nake kwana tare da 'yan garinmu. Kafin in baro gida ɗan kokawa ne ni, kuma duk yankinmu an san gwiwata ba ta taɓa kaiwa ƙasa a fili ba. A kokawarmu, da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an kayar da kai ke nan. Da wannan alfahari na hau jirgi, kuma shi ya cuce ni.

Ranar Juma'a da la'asar Turawan kamfanin sukan buga irin tasu ƙwallon, wadda ake rungumewa a ruga da gudu, ana ture juna har ƙasa. Mu kuwa mu tsaya muna dariyar ƙatti suna birgima kamar yara. Shugaban garejinmu wani dattijo ne mai sanƙo, wanda a ƙasarsu ya daɗe yana yi wa wata babbar ƙungiyar ƙwararrun 'yan wannan ƙwallon aikin duba samari, ya ce wannan zai yi, wancan ba zai yi ba. Wata rana ya gan ni na ɗaga tayar tifa ni kaɗai, sai ya kira ni fili. Ya sa na yi gudu, ya sa na ture wani ƙato, ya latsa ƙwaurina yadda ake duba bijimi a kasuwa. Ta bakin wani Basudane mai yi mana fassara, ya ce ya jima bai ga ƙugu da ƙafa irin nawa ba, amma ina da aibi ɗaya: ban iya faɗuwa ba. Ya ce samarin da ya ga sun daɗe a wasan su ne waɗanda suka san lokacin sakin jiki. In na yarda ya koya mini a kan yashi, zai yi wa ƙungiyar maganata in ya je hutu gida.

Wallahi raina ya ɓaci. Ni za a koya wa faɗuwa? 'Yan garinmu na kallo, gobe labari ya kai gida cewa Turawa na tumurmusa ni a ƙasa? Na ce masa na gode, amma ya bari sai an sami mai kayar da ni tukuna. Ya girgiza kai, bai ja da ni ba.

Duk da haka na fara shiga wasan nasu. Ranar da abin ya faru, ina gudu da ƙwallo mutum biyu suka cim mini, ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙafa. Ina jin dattijon yana ihu in saki jiki, amma na kafe ƙafar hagu yadda na saba a kokawa. Sai na ji ƙas a gwiwa, kamar an karya busasshen kara. A asibiti a unguwar Shumaisi na dawo hayyacina. Dattijon ya yi ta zuwa duba ni da dabino a hannu, idonsa jawur, yana cewa laifinsa ne da ya bar ni na shiga. Ba laifinsa ba ne, Allah ya sani. Ƙafar hagu ita ke taka kuloci, kamfanin kuma shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a ƙasar, don haka da igamata, takardar izinin zama, ta ƙare aka sako ni a jirgi, ina dogara sanda.

Samari, in wanda ya san aiki ya yabe ku sannan ya nuna muku aibinku, ku fi riƙe maganar aibin, domin ni yabon kawai na ji. Yau na tsufa, gwiwar nan ba ta ƙara lanƙwasuwa ba. A kan kujera nake salla a ƙarshen sahu, ina kallon tsarana suna sujada. Ƙasar da na yi rantsuwa ba zan taɓa ba, yanzu ba abin da nake roƙo kamar in kai goshina gare ta.