Na'urar da Ba Ta Ga 'Yata Ba

Abin da na fi tsoro a Alƙahira shi ne tsallaka titi. Motocin garin ba sa tsayawa don mutum. Sai dai ka laɓe a gefen wani Bamisire, in ya kutsa ka kutsa, kana salati. Haka nake yi kullum da safe a unguwar Dokki, riƙe da hannun 'yata mai shekara huɗu, zan kai ta makaranta.

Karatun injiniya na maigidana ne ya kawo mu. Aikinsa wata na'ura ce da ba ta fi sabulun wanki girma ba, wai rada. A goshin mota ake ɗaura ta, ta riƙa aika wasu 'yan mitsi-mitsin igiyoyin rediyo, in sun bugi abu su dawo su sanar da motar ta taka birki. Nakan zolaye shi cewa direban da bai ji tsoron Allah ba, ba zai ji tsoron sabulu ba. Amma a raina na ɗora buri a kanta fiye da yadda yake zato.

Wata Juma'a, titi ba kowa, abokin karatunsa ya kawo motar gwaji ƙofar gidanmu. Suna son ganin ko na'urar za ta gane ƙaramin yaro. Na ce ba da 'yata ba. Ya ce, "Haba Maman yarinya, motar a kashe take." Da ƙyar na yarda, na tsaya a bayansu ina leƙen kwamfutar.

Ƙofar ƙarfen maƙwabta ta fito ɓaro-ɓaro. Turken fitila ya fito. Da abokin ya gitta, shi ma ya fito. Yarinyar ta tsaya gaban motar tana ɗaga hannu, wurinta a allon wayam.

"Baba, ka gan ni?"

"Ina ganin ki," in ji shi, idonsa a kan allon.

Abokin ya ce mini, "Yi haƙuri, jikinta ne ƙarami, abin da ke dawowa ba shi da ƙarfi. Za mu gyara." Na tambaye shi yaushe. Ya dubi maigidana, maigidana ya dubi ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na rasa da wa zan yi faɗa.

Ranar da ta koma makaranta na ɗauko zanin goyon da na daɗe da ajiyewa. Ta yi ta kuka wai ita ta girma, ƙafafunta na dukan cinyoyina, Misirawa na kallonmu. Ban sauke ta ba sai a ƙofar aji.