Babban Yatsan Arlo Brekke

Arlo Brekke ya yi shekara talatin da shida yana haƙa wa mutane rijiya a gabashin jihar Montana ta Amurka, amma ba da rijiya aka san shi ba. Da babban yatsansa na dama aka san shi.

Tun yana saurayi rabonsa da harba harsashin kanti. Kamar yawancinmu a nan, in ya yi harbi sai ya tsince kwansunan, ya kai ɗakin ƙasa, ya wanke, ya sake ɗura su. Aikin ba wuya, sai a wuri ɗaya. Kafin a zuba albarushi akwai ɗan maɓallin wuta da ake cusawa a gindin kwanso. In bai zauna daram ba, sai ka ja kunama ka ji ƙyas, barewa ta juyo ta dube ka. Arlo da ɗan ƙarfen hannu yake cusa nasa, mai kama da filaya, wanda babban yatsa ke dannawa. In ya gama ya jera su a akwati, ya rubuta kwanan wata a murfi, ya sa A.B. a ƙasa.

Kowace safiya muna haɗuwa shan kofi a shagon Merle Tofte, mai sayar da kayan farauta. A nan Arlo ke ba da karatu, ko ba a tambaya ba.

"Ji ake yi," in ji shi. "Maɓalli in ya taɓa ƙasa yana gaya maka. Wanda yatsansa bai ji ba, ya je ya sayi na kanti ya huta."

Ni na tebur nake amfani da shi, mai doguwar mariƙa da ake ja da hannu gaba ɗaya. Shekara ashirin yana tuna mini.

"Kai ai ba ɗuri kake yi ba, maƙwabci. Famfo kake bugawa."

Ban taɓa musa masa ba. Gasar harbi da muke yi kowace kaka a bayan filin makaranta, wadda ake ba gwani talo-talo, ya shiga sau arba'in ba fashi, duk da ɗurin hannunsa, kuma talo-talon ya san hanyar gidansa fiye da nawa.

Amosanin gaɓɓai bai yi masa sallama ba. Mun dai lura ya koma ɗaukar kofi da hannu biyu. Ran Lahadi a coci, maɓallan rigarsa a jere suke tsaf har wuya, irin jerin da mutum ba ya yi wa kansa. Na taɓa cin abinci a gidansa, ya ɗauki kwalbar zuma, ya daɗe yana karanta takardar jikinta, sannan ya tura wa matarsa, Ardith Brekke. Ta buɗe, ta mayar masa, ba ta fasa zancen da take yi ba. Ardith mace ce mai ƙarancin magana, mai yawan ɗinki. Yana kiranta Mama, ita kuma tana kiransa Brekke, kamar mai kiran sunan 'yan aji.

Duk da haka harsashinsa bai taɓa ƙin tashi ba. Bara ma shi ya ci. Ya ɗaga mana yatsan, kumburarre kamar dankali, ya ce, "Ya tsufa, amma bai kurumce ba."

Bana kam, saura mako uku gasa, ya danna kwanso bakwai yatsan ya ƙi. Kwana biyu bai zo kofi ba. Abin da ke gabansa kowa ya sani. Ko dai ya tsaya a layi da akwatin kanti a gaban mutanen da ya yi shekara arba'in yana zolaya, ko ya sayi famfo irin nawa, ko kuwa ya zauna a gida.

Rana ta uku ya shigo shagon da hantsi, Ardith na biye da shi, don ita ke tuƙa motar yanzu. Ta zauna a kujerar bakin ƙofa da jakarta a cinya.

"Merle, surukina ne ke fama da hannu," in ji Arlo. "Me kake da shi na tsofaffi?"

"Wane surukin? Na garin Billings da muka binne, ko akwai wani?"

"Fito da kaya, ka bar tarihi."

Merle ya jera guda uku a kan kanta, da kwano na kwansuna fanko. Na farko irin na Arlo ne, sai dai an yi masa rigar roba. Ya danna, fuskarsa ta yi abin da bai so ta yi ba. Na biyu da yatsu huɗu ake matse shi, tafin hannu ya tokare. Ya gwada sau biyu, ya ce ƙarfen bana ba shi da kirki. Na uku na tebur ne. Bai taɓa shi ba. Ya tsaya yana kallonsa, ni kuma na sa ido a kofina.

"Wannan ko da gwiwar hannu surukinka zai iya ja," in ji Merle. "Ba ruwansa da yatsa."

"Ba ruwansa da ji ke nan."

Arlo ya miƙa hannu dai ya ja. Mariƙar ta sauka sumul, ba wahala. Na ga kafaɗarsa ta saki, na kuma ga bakinsa ya tsuke.

Sai Ardith ta ajiye jaka ta taso. Ta ɗauki na biyun, ta zura kwanso ba tare da ta duba ba, ta matse, ta zare, ta shafa gindinsa da ɗan yatsa. Ta sake wani. Ta yi biyar kafin Merle ya rufe baki.

"Wannan ya fi na gida," ta ce. "Na gida yana cizon hannu in an wuce hamsin. Amma wannan ma yana da ɗan santsi a ƙarshe, sai an saurara."

Arlo ya juyo ya dube ta.

"Mama," in ji Arlo a hankali, "yaushe kika san yana cizo?"

"Shekara uku ke nan. Ina goge tebur na ji wasu sun ɗago kai. Maɓalli ne, Brekke, duk inda yake. In bai zauna ba yatsa na sani." Ta shafa wani. "Kafin ka zuba albarushi nake bi in ƙarasa su. Da farko ɗaya cikin goma. Bara kusan rabi."

"Da wane lokaci?"

"Da safe. In ka fito nan koyar da su."

Merle ya sunkuya neman wani abu a ƙarƙashin kanta, ya daɗe bai same shi ba. Ni na tuna talo-talon bara, na tuna wadda ta dafa shi, na ga ashe ba a zalunci kowa ba.

Arlo ya juya yatsansa yana dubawa, kamar wanda aka kawo masa ƙarar ɗansa. Sannan ya ture na teburin da bayan hannu.

"Ka ji ko, Merle? Ba na faɗa muku ba? Ji ake yi." Ya nuna na hannun Ardith. "Naɗe wannan. A gidana ba a buga famfo."

"Na surukin ne, ko?"

"Naɗe, na ce."

Ranar gasa an tashi da iska mai sanyi. Arlo ya zo na uku, wata malamar asibiti ta tafi da talo-talo. Amma duk harsashin da ya ja wa kunama ya tashi, kuma ba wanda ya ga akwatin kanti a hannunsa. Ardith na cikin a-kori-kura da fulas ɗin kofi, tana ɗinki, ba ta ko ɗago ba.

Da yake tattara kwansuna na riƙe masa akwatin. A murfin akwai kwanan wata da rubutunsa mai rawa, sai A.B., sai kuma wani A.B. a gefensa, a jere tsaf kamar ɗinki. Merle ya leƙo ta kafaɗata.

"Tsoho, hannunka har ya fara maimaita rubutu?"

"Biron ne," in ji Arlo. Ya karɓi akwatin da hannu biyu, ya nufi mota.