Ƙwan da aka hana ni

Shekara uku rabona da gida Kontagora. Wata takwas rabona da rubutu a nan. Masu tambaya ko na mutu: ban mutu ba.

Ɗinkin bakin buhu nake yi a kasuwar hatsi ta Jibiya. Ciwon ya fara da ƙwannafi, sai amai, sai loma uku ta ishe ni. Har wandona ya daina zama a ƙugu.

A Katsina aka zura min kyamara ta maƙogwaro, aka gutsuri nama. Ciwon daji ne, a tumbi.

Na tsorata. Na ce a yanke shi gobe. Likita ya ɗaga hannuna ya duba, ya ce, "Kai mai ɗinki ne. Ruɓaɓɓen buhu yana riƙe zare? Je ka yi nama tukuna."

Ma'aikaciyar abinci ta asibitin ta tsara min ƙwai, kifi, alale, kunun gyaɗa da madara. Kaɗan-kaɗan, sau da yawa.

Daga gida ba wanda ya zo. Waya dai. Kawuna ya ce, "Kul ka taɓa ƙwai ko gyaɗa, su ke sa ciwo ya yi ruwa." Har yau ina jin zafin rashin zuwansu. Amma ba mugunta ya nufa ba, haka muka taso muna ji.

Sai na rasa wa zan bi. Iliya, direban Maraɗi da nake ɗinke wa kaya, ya tarar na tura ƙwai gefe.

"Kai wanga, mi ka kai?"

"Kawu ya hana."

"Kawu za shi yanka ka ko lokotoron asibiti? Ci, ɗan Najeriya, ko in ɗura maka kamar jariri!"

Na ci. Duk ƙetarowarsa da ƙwan zabi yake zuwa, bai taɓa karɓar sisina ba.

Da nauyina ya hau, aka yi aikin. Da farko ta siririyar roba ake zuba min abinci, bakina a bushe, ina kallon na kusa da ni yana shan shayi. Sannan kurɓin ruwa. Sannan cokalin kunu. Ranar nan na yi kuka.

Ɗinki ya kama, bai yi ruwa ba. Har yanzu ina komawa a duba ni.

Alhamdulillahi. Likitoci da nas-nas, Allah ya biya ku. Iliya, kai kam ban san me zan ce ba.

In kana ramewa ba dalili, je asibiti. In za a yi maka aiki, tambayi abin da za ka ci kamar yadda kake tambayar magani. Masu zuwa dubiya, ku rage lemon kwalba, ku kawo ƙwai.

Keken ɗinkina ya tafi a kuɗin aiki. Ga abin da na tsira da shi: sulusin tumbi, basilla biyu, da kuɗin motar Kontagora. Na zuwa kawai.