La'asar Ɗin da Yaya Ya Bar Mini Garkuwa

Abin da na fara lura da shi da na shigo gida daga makaranta shi ne farantin shinkafar Yaya a kan kafet, ko cokali ɗaya bai ci ba, miyar har ta daskare da sanyin esi. Shekaru sun shuɗe, amma wannan la'asar ɗin ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Al-Sadd, a ƙasar Larabawa, ina da shekara goma sha biyu, irin yarinyar da malama kan manta tana cikin aji. Wani abokin Yaya ne ya ara masa na'urar gem, kuma washegari zai karɓi abarsa, don aikin babansu ya ƙare za su koma Kaduna. Mako uku Yaya yana fama da wani ƙato mai gatari a cikin gem ɗin. Ba irin wanda ake ta danne-danne ba ne. Jarumin yana tafiya da nauyi kamar mai ɗauke da buhu, in ya kai sara biyu sai ya tsaya haki, kuma in an fara faɗan babu yadda za a dakatar da shi. Ni kullum ina bayan kujera ina kallo. Bai taɓa ba ni rimot ba, ni ma ban taɓa tambaya ba.

Ran nan ya ci fiye da rabin ran ƙaton, abin da bai taɓa yi ba, sai aka kira sallah. Abba ya tsaya a bakin ƙofa yana gyara hula. Yaya ya roƙi minti biyar.

"Yalla, tashi. Liman ba ya jiran dodonka," in ji Abba.

Yaya ya waiwaya, babu kowa sai ni. Ya danƙa mini rimot ɗin, ya ɗora yatsana a kan madannin garkuwa, ya ce kar in kuskura in kai sara, in dai raya masa mutumin har ya dawo.

Rimot ɗin ya jiƙe da zufarsa. Saran farko da ƙaton ya kawo ya tafi da kusan rabin ran jarumin. In jarumin ya mutu, komai ya koma farko, kuma gobe babu na'ura. Sai na tuna abin da na daɗe ina gani daga bayan kujera: kafin ƙaton ya kawo sara, yakan ɗaga kafaɗar hagu. Sara uku yake yi, sannan gatarin ya maƙale a ƙasa na ɗan lokaci. Na riƙa ja da baya ina ƙirgawa. Umma ta kira ni daga kicin har sau biyu, amma idona na kan kafaɗar ƙaton.

A zagaye na biyar na saɓa wa Yaya. Da gatarin ya maƙale, na matsa na kai sara ɗaya tak, na koma bayan garkuwa. Zuciya tana cewa in ƙara, na ƙi. Haka na yi ta yi, sara ɗaya, jira mai tsawo.

Yaya ya shigo yana haki, ko takalmi bai gama cirewa ba. Ya dubi allon, ya ga saura ƙiris.

"Ke, wa ya koya miki?"

Na miƙa masa rimot, na ce ya jira kafaɗar hagu. Ya ce wace kafaɗa? Mako uku, ashe bai taɓa ganinta ba. Na tsaya kusa da shi ina ƙirga masa a hankali, har ƙaton ya durƙusa.

A ranar na gane cewa shirun da ake yi mini gori a kansa ba rashin wayo ba ne. Mai jira yana ganin abin da mai gaggawa ke tsallakewa. Yaya na cin shinkafarsa mai sanyi, na tattaro ƙarfin hali na ce, "Yaya, kafin a zo ɗaukar na'urar gobe, don Allah ka bar ni in fara nawa daga farko."