Jan zare na Tsafe, kore na Bungudu

A wannan kakar Kawu Garba ya cika shekara bakwai da rasuwa. Allah Ya jiƙansa. Na daɗe ina ɗaga wannan rubutu, don ina gudun a ce ina yabon nawa, kuma ina gudun faɗin abin da ban tabbatar ba. Abin da ya faru a wurin aikinmu makon jiya ne ya sa na ga shiru ya ishe ni haka.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne. Shi ne mai sayen gyaɗa na wata ƙaramar masana'antar man gyaɗa a Gusau, inda yanzu nake zaune a kujerar da ya bari. Bai wuce firamare ba. Aikinsa ɗaya ne, kada injin ya tsaya don rashin gyaɗa. Ya sha tsayawa don rashin wuta ko lalacewa, amma iya sanina, a zamanin Kawu bai taɓa tsayawa don sito ya ƙare ba.

Dabararsa ba ta da wani kwarjini. Kafin kaka yakan hau babur ya zaga manomansa, ya kai musu buhuna da basilla da zare. Kowane yanki da launinsa: ja na Tsafe, kore na Bungudu, baƙi na Kwatarkwashi. Kowane manomi kuma da irin ƙullin da yake yi a kunnen buhu. Ko leburan da bai iya karatu ba, in ya dubi bakin buhu ya san inda ya fito. Idan aka iske danshi, mutum ɗaya Kawu zai je ya samu, su zauna, ya ce a ƙara shanya. Bai kuma yarda ya jingina da yanki guda ba. In ruwa ya ɓata wata hanya, wata tana nan.

Da na dawo daga jami'a na zauna ina yi masa bayanin sunayen da littattafai suka ba wannan tsari, da yadda kwamfuta ke yin sa a manyan kamfanoni. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "To ɗan boko, in ka buɗe buhu ka iske ruɓa, wa za ka tahi ka gaishe? Kwamfutar?"

Dariya na yi, ban ji ba. Da aka ba ni aikin bayan rasuwarsa, abin da na fara yi shi ne soke zare. Na buga takardu masu lamba, aka riƙa liƙa su a jikin buhu. Yayyafi ɗaya a bayan mota ya ishe su. Wata rana aka sauke kaya, rabin takardun sun fita, aka kuma samu fumfuna a wasu buhuna. Ban san na waye ba. Tsoro ya sa na mayar da motar gaba ɗaya.

Washegari Malam Ɗahiru, wani dattijon manomi da ya daɗe yana hulɗa da Kawu, ya taso daga Bungudu. Bai zauna ba. Ya ce, "Ɗan Garba, kwana biyar gyaɗata na shan rana bisa daɓe. Wa yac ce maka tawa ta ruɓe?" Ya ce, "Kawunka bai taɓa maido min buhu ba sai ya gwada min ƙullina." A cikin makon na koma ga zare, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni.

Yanzu abubuwa sun sauya, kowa a nan ya sani. Akwai gonakin da masu su ba sa iya zuwa. Akwai hanyoyin da direba ke duba agogo kafin ya hau. Wasu daga cikin manomanmu sun bar garuruwansu. Saboda haka manajanmu, ɗan mai masana'antar, ya kawo shawara a taron makon jiya: mu rabu da manoman gida, mu ƙulla da babban dillali guda daga wata jiha, tirela ta riƙa kawo mana har ƙofa. Ba zan ce ba shi da hujja ba. Ran direba ba abin wasa ba ne, ni ma ba na samun natsuwa sai mota ta shigo.

Amma na ce a'a. Ni da nake karanta wasiƙa sau uku kafin in aika, na ji bakina ya faɗa. Na ce dillali ɗaya hanya ɗaya ce, ranar da tirelarsa ta maƙale ranar ma'aikatanmu za su koma gida. Na ce gyaɗar dillali haɗe-haɗe ce, in ta ruɓe babu wanda za mu je mu samu. Na ce mutanen da suka jure suka shuka bana, in muka juya musu baya, baɗi ba za su shuka mana ba, kuma ranar da muka neme su ba za mu same su ba. Na kawo abin da nake ganin zai yiwu: wurin tara kaya a cikin garin Tsafe da na Bungudu, ƙananan motoci da rana tsaka, waya kafin a tashi. Dillalin ma a ɗauke shi, amma ya zama zare na huɗu, ya ɗinke buhunansa da nasa launin kamar kowa, wato shuɗi.

Manaja ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ko lebura ba ka iya tsawata wa, yau kai ne da wannan?" Sannan ya ce ya ba ni kakar bana. In injin ya tsaya kwana ɗaya don rashin gyaɗa, in sauka daga kujerar. Na ce na yarda. Ban kuma janye ba.

Nakan tambayi kaina me Kawu zai ce da yana raye. Ina jin zai yi baƙin cikin ganin hanyoyin da ya sani kamar tsakar gidansa sun zama abin fargaba. Wataƙila ya ga wautata, wataƙila ya ce na yi gaggawar sa aikina a gaba ina da iyali. Abin da ban yarda zai yi ba shi ne ya ce wa Malam Ɗahiru ya nemi wani mai saye. Kawu bai bar gida babba ba, bai bar littafi ba. Ya bar mana sanin cewa kowane buhu yana da mai shi, kuma mai shi yana da suna da gari. Mai yiwuwa in rasa aikin nan kafin damina. Na auna, na sake aunawa, na ga gara hakan da in zama wanda ya yanke zaren.

Jiya na shiga kasuwa wurin mai zaren da Kawu ya saba saye a hannunsa. Na ce ya ba ni ja da kore da baƙi da shuɗi. Ya ce, "Har da baƙin? An ce manomanka na Kwatarkwashi sun ragu."

Na ce, "Uku sun rage. Sa mini."